SAYEN FILI A BAKIN TEKU A TSIBIRAN ƘASASHEN WAJE: MALLAKA CE KO HAYA?

A 'yan shekarun nan wani irin talla ya yawaita a wayoyin manyan ma'aikata da 'yan kasuwar ƙasar nan, tun ba ma mazauna Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal ba. Tallan filaye ne a bakin teku, a tsibiran ƙasashen waje. Sai a nuna wa mutum hoton farin rairayi da itatuwan kwakwa da ruwa garai-garai har ana hangen kifi a ciki, sa'an nan a ce masa ya yi maza ya kama fuloti ɗaya tun da sauran araha, ya ajiye abinsa, ran da ya yi ritaya ya je ya gina ɗan gida ya huta da hayaniyar duniya. Wasu ma har sauƙin biya suke yi, a ba da kaɗan yanzu, saura a riƙa biya wata-wata.

Babu laifi mutum ya yi wa tsufansa tanadi. Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai ajiye aiki tun ran da ya kama shi, watau in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma wanda ya ga yadda kuɗin ajiya ke narkewa a banki ba za a zarge shi ba in ya ce gara ya mai da su ƙasa. Amma fili a Kaduna ko Gwagwalada daban, fili a tsibirin da ke tsakiyar teku daban. Turawan Ingila da Amurkawa sun fi shekara sittin suna wannan ciniki, wasu sun dace, wasu sun ƙone, kuma labarinsu a rubuce yake. Abin da ya fi fitowa a cikin labarin nan shi ne, shekarun da mai saye ke zaune a gida yana jiran ritaya su ne ke cin filin: wa'adin takarda yana raguwa, doka tana sakewa, teku kuma yana matsowa.

Za mu ɗauki Zanzibar mu yi misali da ita, domin tana cikin nahiyarmu, ita ce kuma ta fi saurin shiga ran mutanenmu. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, a cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Baƙo daga ƙasar Hausa ba zai ji kansa bare ƙwarai ba, gama zai ji kiran salla daga kowace kusurwa, zai ga azumi yadda ya saba ganinsa, har a cikin harshen Swahili zai tsinci kalmomin da ya sani, irin su dunia da sabuni da kalamu, waɗanda su da mu duka muka aro daga Larabci. Tsohon birninsu na dutse yana cikin wuraren tarihi na duniya tun shekarar 2000. Masu yawon buɗe ido da suka shiga a 2023 sun haura 630,000, a 2024 kuwa sun haura 730,000. Inda baƙi ke tururuwa haka dole farashin bakin teku ya hau, kuma da wannan ne dillalai ke kafa hujja.

ƘASAR TA WANE CE?

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce, shin mai sayarwar yana da abin da yake sayarwa? A Zanzibar amsar tana cikin tarihi. Ran 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin juya halin da ya tumɓuke Sarki Jamshid bin Abdullah, a watan Afrilu na shekarar kuma tsibiran suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Kafin nan manyan gonakin kanumfari da kwakwa suna hannun tsirarun attajirai ne. Gwamnatin Abeid Amani Karume ta karɓe ƙasa duka ta mai da ita ta hukuma, ta yi ta yanka wa talakawa eka uku-uku su noma. Dokar mallakar ƙasa ta 1992 ta ƙara tabbatar da wannan: duk ƙasar Zanzibar ta jama'a ce, amana a hannun Shugaban Zanzibar.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka Dokar Amfani da Ƙasa ta watan Maris 1978 ta yi a nan Nijeriya, inda ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, har ya zama takardar da muke kira ta mallaka ma yawanci ta shekara 99 ce. Bambancin shi ne, a Zanzibar haƙƙin riƙe ƙasa na mutanen Zanzibar ne kaɗai. Sha'anin ƙasa ba ya cikin abubuwan da suka haɗa da gwamnatin tarayyarsu, saboda haka ko ɗan Tanzaniya na tudu, muddin bai cika sharuɗɗan zama ɗan Zanzibar ba, baƙo ne a wannan fanni, balle mutumin Sakkwato ko Ilori. Abin da baƙo ke iya samu haya ce daga gwamnati, mai wa'adi, wadda sau da yawa ake rubutawa shekara 33 a riƙa sabuntawa, iyakarta kuma shekara 99, ana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce mutum ya sayi gida ko ɗaki a cikin unguwar da hukumar zuba jari ta Zanzibar, wadda ake kira ZIPA, ta amince da ita. Wata doka ta 2010 ce ta buɗe wannan ƙofa, ta yarda a kasa gini ko unguwa kashi-kashi, kowane mai saye da takardarsa. Fumba Town, kudu da birnin Zanzibar, tana cikin waɗanda aka fi sani. Sai dai a nan gida ake saye, da tsadarsa, da kuɗin kula da unguwa da za a riƙa biya ko mutum yana ciki ko ba ya ciki.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙauye, kuma ita ce mai araha, ita ce ke ɗauke da yawancin rigingimu. Dillali zai kai baƙo Paje ko Jambiani ko Matemwe, ya haɗa shi da wani dattijo mai fili a bakin ruwa, a kira sheha, watau mai unguwa, ya sa hannu, a biya kuɗi, a yi hoto. Baƙon zai koma gida da takarda a jaka yana ganin ya gama, alhali kuwa ko farawa bai yi ba. Sa hannun sheha shaida ce kawai cewa an yi ciniki a gabansa. Doka ta ce sai hukumar da ke duba musayar filaye ta amince, a auna filin, sa'an nan gwamnati ta rubuta wa baƙon haya da sunansa ko da sunan kamfaninsa. In ba a kai nan ba, abin da ke cikin jakarsa rasiɗi ne.

Akwai kuma tarkunan da ido ba ya gani a hoto. Filayen nan na eka uku da Karume ya raba, hukuma ta sha nanata cewa ba na sayarwa ba ne. Akwai filayen waƙafi, waɗanda wani ya keɓe domin masallaci ko makaranta tun zamanin kakanni. Akwai filin gado da ba a raba ba, ɗa ɗaya ya sayar, sauran suna Maskat ko Darussalam ba su da labari. Daɗin daɗawa, dokar Zanzibar ta yarda itace ya zama na wani, ƙasar da yake tsaye a kai ta wani. Wanda ya tashi a ƙauye a nan ƙasar zai gane wannan, domin akwai wuraren da gona ta mutum ce amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani gida ce. Saboda haka kwakwar nan da ta ƙawata hoton talla tana iya zama da mai ita, wanda zai zo ya ɗebi 'ya'yanta, kuma ba za a sare ta ba sai an biya shi.

Wasu sukan ce su kauce wa wannan dogon zance, su sayi filin da sunan wani amintacce ɗan ƙasar, su rubuta wata takarda a gefe cewa ainihin mai shi wane ne. Wannan dabara ta daɗe a tsibirin Bali na Indunusiya da tsibirin Phuket na Tailan, inda doka ta hana baƙo mallakar ƙasa, haka ma a Filifin, inda tsarin mulkin 1987 ya hana. Dokar ƙasa ta Indunusiya ta 1960 ta faɗi ƙarara cewa duk cinikin da aka shirya domin a mallaka wa baƙo ƙasa a kaikaice ɓatacce ne, ƙasar ta koma ga hukuma, kuɗin da aka biya kuma ba a neman a mayar. Ko amintaccen bai ci amana ba, ai shi ma mai mutuwa ne, kuma 'ya'yansa za su tarar da fili da sunan ubansu. Mai kai ƙara a nan sai ya fara gaya wa alƙali da bakinsa cewa ya shirya zagaye doka.

AGOGON DA BA YA TSAYAWA

A ce an bi ta hanyar da ta dace, haya ta fito da suna. To, sai lissafi. Mutum mai shekara 42 ya karɓi hayar shekara 33, yana nufin ya tare in ya cika 60. Ran da zai tare, shekara 18 sun riga sun tafi yana biyan kuɗin ƙasar da bai kwana a kanta ba, saura 15. Yana da shekara 75, lokacin da ƙarfi ya ƙare, kuɗi suka ja baya, sai ya koma layi neman sabuntawa a gaban jami'an da ba a ma haife su ba ran da ya yi cinikin. In kuwa daga hannun kamfani ya saya, sai ya bincika yaushe hayar kamfanin kanta ta fara, domin wanda ya karɓi haya daga mai haya ba zai wuce wa'adin na samansa ba. Alkawarin “za a sabunta” kuma sai a duba ko doka ce ta ba da shi ko bakin dillali. A Tailan doka ba ta rajistar hayar ƙasa irin wannan fiye da shekara 30, amma an daɗe ana tallan shekara 90, watau talatin sau uku, alhali talatin ɗin farko kaɗai ke da rajista.

Wani abin da masu niyyar “in saya in ajiye” ba su cika sani ba shi ne, gwamnatocin tsibirai ba sa son fili a kwance. Ƙasarsu kaɗan ce, bakin tekunsu shi ne jarinsu, kuma ɗan ƙasa yana ganin baƙo ya kange wurin da ubansa ke jan kwalekwale ya tafi ya bar ciyawa. Hayar da ake ba baƙi a Zanzibar takan zo da sharaɗin a gina abin da aka ce za a gina cikin lokacin da aka yanka, in ba haka ba hukuma tana da ikon soke ta.

Abin da ya faru a Fiji, can cikin Tekun Fasifik, ya isa misali. Fiji tana cikin ƙasashe ƙalilan na wannan yanki da baƙo ke iya samun mallakar dindindin, ko da yake mafi yawan ƙasar ta ƙabilun asali ce, ba a sayar da ita. Saboda haka mutanen Amurka da Ostareliya da New Zealand suka sayi fulotai a tsibirai irin su Koro, da yawansu da niyyar ritaya. A ƙarshen 2014 majalisar ƙasar ta gyara dokar sayar da filaye, ta ce duk baƙon da ke riƙe da fulotin zama wanda ba a gina ba, dole ya gina gidan da bai gaza dalar Fiji 250,000 ba cikin wata 24, in ya kasa a riƙa cin sa tarar kashi 10 cikin 100 na darajar filin duk wata shida. Dokar ta hau har kan waɗanda suka saya tun shekaru da dama kafin a yi ta. Mutumin da ya tsara zai gina ɗan ƙaramin gida bayan shekara goma sha biyar, sai ga shi an ba shi shekara biyu ya gina babba. Ana cikin wannan, ran 20 ga Fabrairu 2016, guguwar Winston ta faɗa wa Fiji, ta kashe mutum 44, tsibirin Koro kuwa yana cikin waɗanda ta fi ragargazawa. Waɗanda suka so sayarwa su huta sun tarar kowa ma sayarwa yake so.

TEKU MAƘWABCI NE MAI CIN IYAKA

Mutanen Ikko ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun da aka gina ganuwar duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na ashirin, rairayin da igiyar ruwa ke kawowa ya daina isa Bar Beach, teku ya yi ta cin gaɓar har ya kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria, inda ofisoshin jihohi suke. Sai da aka zuba dukiya mai yawa a aikin Eko Atlantic daga 2008 kafin a tare shi. Wannan a babban birnin kasuwancin ƙasa ke nan. A ƙauyen masunta a tsibirin waje, wa zai gina wa baƙo ganuwa?

Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoto a 2021 cewa tsakanin 1901 da 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma hawan yana ƙara sauri, ya kai wajen milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018. A ido ƙaramin abu ne, amma a shimfiɗaɗɗen rairayi ɗan hawa kaɗan yakan ci taku da yawa. A gabashin Unguja, wajen Jambiani, mai tafiya a bakin ruwa zai ga katangun da masu otal da masu gidaje suka yi ta ginawa don kare kansu, kuma katangar wani takan tura ruwan ne ga maƙwabcinsa. Ƙa'idar gini a can ta nemi a bar mita 30 daga iyakar cikar ruwa a gaɓa mai rairayi. Watau fulotin da aka auna yau yana iya zama, bayan shekara ashirin, ba shi da wurin da doka ta yarda a kafa tushe.

Har ila yau, hoton talla da cikar ruwa ake ɗaukarsa. A wannan gaɓa ta gabas, in ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar fili fetal, kuma wannan fili gonar mata ce, waɗanda tun 1989 suke kafa turaku da igiyoyi suna noman ciyawar teku ana fitarwa waje. Bakin teku hanyar kowa ce, da masunta da masu talla da shanu. Wanda ya zaci ya sayi kaɗaici zai sha mamaki.

Sai kuma gishiri. Iskar teku tana cin kwanon rufi da rodi da makullai da na'urar sanyaya ɗaki da duk wani abu na ƙarfe, gidan da aka rufe aka tafi kuwa ya fi saurin lalacewa. Ƙasar gabashin tsibirin dutsen murjani ce mai ramuka, rijiyar da ke kusa da gaɓa takan yi zartsi in an matsa mata da ja, ga shi kuwa otal-otal suna ja dare da rana. Wutar lantarkin Unguja daga tudun Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Da wayar ta lalace a watan Disamba 2009, tsibirin ya zauna cikin duhu har watan Maris 2010, wata uku cur, famfunan ruwa ma suka tsaya. An shimfiɗa sabuwa a 2013. Mu da muka saba da janareto ba za mu firgita da wannan ba, amma wanda ya bar gida domin ya huta da ƙarar janareto ya kamata ya sani.

A wasu tsibiran ma ba ruwa ne abin tsoro ba. Montserrat, wani ɗan tsibiri na Ingila a yankin Karebiyan, tun cikin shekarun 1960 ya yanka fulotai yana sayar wa masu ritaya daga Amurka da Kanada da Ingila, aka yi gidaje masu kyau. A watan Yuli 1995 dutsen Soufrière Hills, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru shiru, ya fara aman wuta. A 1997 ya kashe mutum 19, toka da laka suka binne Plymouth, babban birnin. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen tsibirin suka yi ƙaura, kudancinsa kuma ya zama yankin da aka hana zama. Masu fulotai a can takardunsu ingantattu ne, ba wanda ya cuce su.

MASU SAYAR DA HOTO

Waɗanda aka cuta kuwa suna da yawa, kuma ba jahilai ba ne. A watan Nuwamba 2018 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta kai ƙarar masu wani shiri da ake kira Sanctuary Belize, a gaɓar tekun ƙasar Belize, ta ce shi ne zamba mafi girma ta filayen ƙasar waje da ta taɓa kamawa. An sayar da fulotai fiye da dubu, akasari ga Amurkawa masu shirin ritaya, an karɓi sama da dala miliyan 100. An yi musu alkawarin asibiti da filin jirgin sama da otal da kantuna, an ce kamfanin ba ya cin bashi, duk kuɗin da aka biya cikin aikin za su koma, kuma fuloti zai ninka kuɗinsa cikin shekara biyu ko uku. Har kai su ake yi su ga wurin, a yi musu liyafa. Shekaru suka wuce, yawancin abin da aka yi alkawari bai tashi ba. A 2020 kotu a Amurka ta yanke wa jagororin shirin biyan kimanin dala miliyan 120. A lura, waɗannan mutane gwamnatinsu ce ta tsaya musu, domin daga cikin Amurka aka yi tallan. Ɗan Nijeriya da ya aika kuɗi ga kamfanin da ke rajista a wata ƙasa, filin yana wata ƙasa, dillalin yana ta uku, wace kotu zai nufa? Hausawa dai sun hana cinikin biri a sama.

NAIRA, IZININ ZAMA DA ASIBITI

Dillalai suna da wata hujja mai ƙarfi, kuma gaskiya ce a faɗe ta. A 2004 dala ɗaya wajen naira 133 ce, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa dukiyarsa a abin da ake kimantawa da dala ya tsira daga wannan zaizaya. Amma wuƙar baki biyu gare ta. Fuloti somin taɓi ne a cikin kuɗin da za a kashe. Ginin, wanda shi ne babban kashi, sai bayan ritaya za a yi shi, da kuɗin sallama da fansho na naira, a tsibirin da siminti da rodi da tayil duk sai jirgin ruwa ya kawo su. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da albashin mai gadi, da inshora, da tikitin jirgi na zuwa dubawa, duka sai an canza naira kafin a biya su. Ma'aikacin gwamnati kuma kada ya manta, kadarar waje ma tana cikin abin da doka ta ce a bayyana wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Riƙe takardar fili kuma bai ba mutum ikon zama a ƙasa ba. A 2021 gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi ta ba da sanarwar cewa baƙon da ya sayi gida a unguwannin da aka amince da su zai iya neman izinin zama shi da iyalinsa, aka sa mafi ƙarancin kuɗin gidan dala 100,000. Izinin na shekara biyu ne, ana sabuntawa. Ba ya mai da mutum ɗan ƙasa, Tanzaniya kuma ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Sharuɗɗan shiga ma suna sakewa: daga 1 ga Oktoba 2024 aka wajabta wa baƙi masu ziyara sayen inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44. Ƙaramin kuɗi ne, amma yana nuna cewa baƙo ba shi da ƙuri'a a wurin da ake yanke abin da zai biya.

Ga kuma jiki. Mai shekara 45 da ke kallon hoto yana tunanin iyo ne, mai shekara 70 kuwa hawan jini da ciwon sukari da gwiwa ne ke gabansa. Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, yana cikin birni, tafiyar sa'a ɗaya ko fiye da haka daga ƙauyukan gabas da na arewa inda filayen suke. Ciwon da ya fi ƙarfin tsibirin sai Darussalam, wajen sa'a biyu a jirgin ruwa mai sauri, ko Nairobi, ko Indiya. Tsoho a ƙasarmu kuwa da jama'a yake rayuwa, da jikoki da suna da ɗaurin aure da zaman makoki da abokan hira a ƙofar gida. Wannan ba ya cikin abin da ake aunawa da mita, kowa shi ya san gwargwadon abin da zai iya rabuwa da shi.

A ganinmu, wanda ransa ya kwanta da irin wannan wuri, gara ya jinkirta sayen har ritaya ta matso, ya fara da kama hayar gida na 'yan watanni. Kada ya je a watan Yuli ko Agusta lokacin da iska ke da daɗi. Ya je tsakanin Maris da Mayu, lokacin manyan ruwan da suke kira masika, ya ga hanyar ƙauyen da idonsa, ya ji zafi da laima a jikinsa. Ya taka iyakar filin da ƙafarsa a tsayuwar wata ko a daren sha huɗu, domin a nan ne teku ke cika iyakar cikarsa. Ya ɗauki lauyansa na kansa, wanda ba dillali ne ya nuna masa shi ba, a je ofishin filaye da na ZIPA a ga rajistar, a ga ranar da hayar ta fara da sharuɗɗan soke ta. Ginannen gida mai takarda ya fi tsada, amma ana iya sa masu haya a ciki ya riƙa ɗaukar nauyin kansa, abin da fuloti ba zai yi ba.

Saura maganar gado, wadda masu talla ba sa tayarwa. Zanzibar tana da kotunan alƙalai masu duba aure da gadon Musulmi, da hukumar waƙafi da amana mai kula da dukiyar mamata. Mafi yawan mutanenta Shafi'awa ne, mu kuwa Malikawa, amma a rabon gado saɓanin ba shi da yawa. Wahalar tana wajen aiwatarwa. Mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya a Zariya, da hayar fili mai sauran shekara 15 a Jambiani. Ba za a yanka ta kashi-kashi ba, sai dai a sayar a raba kuɗin. Kafin a sayar sai wani daga cikin magada ya yi fasfo da biza, ya ɗauki takardun kotun gida ya kai a tabbatar da su a can, ya biya bashin kuɗin ƙasa da ya taru tun rasuwar, ya nemi amincewar hukuma a kan musayar, sa'an nan ya zauna jiran wani baƙon da zai yarda ya sayi ragowar wa'adin.